Daren da na goge ɓangaren ceto na kwamfutata

Jan layi ne ya kai ni ga wannan aiki. Duk sanda na buɗe jerin ma'ajiyar kwamfutata, layin da ke nuna cikar faifan C ja wur yake, a ƙarƙashinsa an rubuta saura giga 3, wata rana biyu da rabi. Kwamfutar 'yar siririya ce ta tafi-da-gidanka, faifanta irin SSD ne mai giga 128, kuma a liƙe yake da babban allon cikinta, ba halin a cire a sa wanda ya fi shi. Ko 128 ɗin ma ba su cika ba. Masu ƙera faifai suna ƙirga giga ɗaya a kan bayit biliyan guda, Windows kuwa da 1024 yake ninkawa har sau uku, shi ya sa 128 ke komawa 119 a sikirin. Ba cuta aka yi ba, mudun awon ne ya bambanta.

Na yi duk sharar da ake yi kafin a kai ga wuƙa. Na share tarkacen sabuntawa da Disk Cleanup, na cire manhajojin da na shekara ban taɓa ba, na kashe dogon barcin kwamfuta da umarnin powercfg /h off, wanda ke kawar da ƙaton fayil ɗin nan hiberfil.sys. Na samu sarari, amma bayan 'yan makonni jan layin ya dawo inda yake.

A Disk Management, manhajar Windows da ke nuna yadda aka rarraba faifai, na ga inda sauran wurin ya maƙale. An zana faifan kamar dogon fili da aka yanka fuloti-fuloti. Daga hagu akwai ɗan ƙaramin ɓangare mai mega 260, na EFI, inda fayilolin tayar da kwamfuta suke. Sai C. Sai wani mai ƙasa da giga ɗaya. Sai na ƙarshe, mai giga 14 da 'yan kai. Waɗannan biyun na ƙarshe duk suna ɗaya aka ba su, ɓangaren ceto, kuma ba wanda ke da harafi irin C ko D, shi ya sa ban taɓa ganinsu ba tsawon shekarun da nake amfani da kwamfutar. Na kai linzami kan babban, na danna dama ina neman inda aka ce a goge. Babu. Zaɓi ɗaya tal ya fito, na neman taimako.

Na kira ƙanena, wanda ya fi ni sanin waɗannan abubuwa nesa ba kusa ba. Na ce masa ya gaya min yadda ake buɗe wannan ƙofa da aka kulle.

"Yaya, gogewar ba ta kai daƙiƙa biyar ba," in ji shi. "Amma ba zan gaya maka ba sai ka nuna min inda ka kwashe kayanka. Kada garin gyaran gira a rasa ido."

Na ji haushi a lokacin, don ina ganin kaina ba yaro ba ne. Amma shi ya fayyace min abin da ban sani ba, cewa ɓangarorin nan biyu sunansu kawai ya zo ɗaya, aikinsu daban. Ƙaramin na Windows ne. A cikinsa akwai fayil mai suna Winre.wim, wato wani ɗan ƙaramin Windows da ke tashi idan babban ya ƙi tashi, shi ne shuɗin sikirin nan mai zaɓin gyara da ake gani idan an riƙe Shift aka danna sake kunnawa. Babban kuwa na kamfanin da ya ƙera kwamfutar ne: kwafin yadda take ranar da ta fito daga masana'anta, da direbobinta, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ya iya aiki da sassan jikinta, da manhajojin da aka cusa mata. Idan na goge shi, maɓallin mayar da ita sabuwa fil ya daina aiki ke nan har abada. Na yi tunani a kai na ga ban yi asarar komai ba. Kwafin ya tsufa da shekaru, in na koma kansa sai na kwana ina sauke sabuntawa, ga tarin manhajojin da ni da hannuna na bi na cire su ɗaya bayan ɗaya. Lasisin Windows kuma ba a can yake ba. Tun zamanin Windows 8 ake dasa lambar a babban allon cikin kwamfutar kanta, ko an sake zuba Windows daga farko zai gane ta.

To, kwashe kaya. A nan kwana biyu suka tafi.

Ina da faifan waje mai tera ɗaya, wanda Windows ke nunawa a 931, da tsofaffin hotuna a ciki. Na fara jan foldoji ina zubawa, sai wani bidiyo ya ƙi shiga, wai ya yi wa faifan girma, alhali ga sarari fiye da giga 800 a zaune. Ashe tsarin faifan FAT32 ne, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4. Kuma manhajar Windows ta ɗaukar kwafin faifai sukutum ba ta yarda da wurin ajiyar da ba NTFS ba. Akwai umarnin da ke sauya tsarin ba tare da an goge komai ba, convert E: /fs:ntfs, inda E ɗin harafin faifan ne. Duk da haka sai da na kwafe hotunan zuwa wata kwamfuta kafin na buga shi, domin ba su da wani kwafi a ko'ina a duniya. Sauyin ya tafi lafiya.

Daga nan na bar ja da linzami na koma robocopy, wanda ke zuwa tare da Windows, domin shi yana ba da rahoton abin da ya kwafa da abin da ya gagara. Na nuna masa foldar sunana da ke ƙarƙashin Users, na ce ya kwashe duka, na je na kwanta. Da asuba na tarar da shi a tsaye kan fayil ɗaya, NTUSER.DAT, yana cewa wani aiki na riƙe da shi, zai jira daƙiƙa 30 ya sake gwadawa. Haka ya kwana yana yi. Da na bincika, sai na ga cewa idan ba a hana shi ba, sau miliyan ɗaya zai gwada, da jiran daƙiƙa 30 a tsakani. Na yi lissafi: kusan shekara guda ke nan a kan fayil ɗaya. Laifina ne, ban karanta ba na buga. Na sake ba shi umarnin da /E don ya shiga kowace folda, da /R:1 /W:1 don ya gwada sau ɗaya ya wuce, da /XJ don kada ya bi wasu hanyoyin yanke da ke cikin AppData ya yi ta zagaye wuri ɗaya. Akwai kuma /MIR da na ga mutane suna yawan ba da shawararsa. Na guje shi. Shi yana mayar da wurin ajiya ya zama madubin asali ne, duk abin da ya tarar a can wanda babu shi a nan, sharewa yake. Ka nuna masa foldar da tsofaffin hotunanka suke, sai dai labari.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan kayan da ba sa cikin foldojin takardu da hotuna. AppData ɓoyayyiyar folda ce, a can manhajoji da dama ke ajiye saitinsu da bayanansu. Kalmomin sirrin da burauzata ta haddace min, na fitar da su zuwa fayil, na sa a wuri mai kulle, domin fayil ɗin a buɗe yake, kowa na iya karantawa. Kalmomin sirrin Wi-Fi na fitar da su da netsh wlan export profile key=clear. Direbobi kuwa, waɗanda su ne kaɗai abu mai amfani da zan rasa tare da babban ɓangaren, umarni ɗaya ya kwaso min su duka zuwa folda: pnputil /export-driver, sai alamar tauraro, sai wurin da za a zuba. Na fi damuwa da direban Wi-Fi, don in an zuba sabon Windows aka tarar ba ya ganin intanet, da me za a sauke sauran?

Sai fayilolin OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, masu alamar gajimare a gefensu. Sunansu yana nan a folda, girmansu a rubuce, amma jikinsu na intanet, ba ya kan faifan. Duk kwafin da aka ɗauka na faifan, fanko zai ɗauko a madadinsu. Da yake wuri ya yi min ƙaranci, kaɗan-kaɗan na riƙa sauke su ina mayarwa faifan waje.

Ana cikin haka ƙanena ya sake kira ya tambaye ni ko faifan a kulle yake da BitLocker, makullin Windows da ke hana karanta faifai sai da mabuɗi. Na ce ban taɓa kunna wani abu mai wannan suna ba. Ya ce in duba dai. A kulle yake. Kwamfutoci da yawa suna kunna kullen da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, kuma mabuɗin gaggawarsa lambobi 48 ne da ake ajiyewa a cikin asusun. Idan aka taɓa tsarin tashin kwamfuta, tana iya tsayawa ta ce sai an kawo su. Na buga manage-bde -protectors -get C: suka fito, na kwafe su da biro a takarda, rukuni takwas, kowane lamba shida, na karanta sau biyu. Ajiye su a fayil cikin kwamfutar da za su buɗe daidai yake da kulle mabuɗi a cikin ɗaki.

Bayan fayiloli sai kwafin faifan gaba ɗayansa, wanda zai iya mayar da kwamfutar yadda take a daren, da Windows da manhajoji da komai. A cikin Control Panel akwai tsohuwar manhajar ajiya da har yau take ɗauke da sunan Windows 7. Ita na fara amfani da ita. Ta ƙirƙiri folda mai suna WindowsImageBackup, ta zuba kowane ɓangare a fayil irin VHDX. Ta kuma gargaɗe ni cewa kwafin ba a kulle zai kasance ba, duk da cewa asalin a kulle yake, wato duk wanda ya tsinci faifan wajen ya tsinci komai nawa. Amma da na duba jerin abin da ta ce za ta ɗauka, na ga EFI, na ga C, na ga ƙaramin ɓangaren ceto, ban ga babban ba. Wato ainihin abin da zan goge shi ne ba shi da kwafi.

Wannan ya sa na koma Clonezilla, manhajar kyauta da aka samar a wata cibiyar bincike ta Taiwan. Ba a cikin Windows take aiki ba, a filas ake sa ta a tayar da kwamfuta da ita. Fuskarta ba ta da kyan gani ko kaɗan, rubutu ne zalla da kibiyoyin kibod, kuma ba ta san C da D ba. Faifan ciki ta kira shi nvme0n1, na waje sda. Na daɗe ina kallon sunayen nan da girman da ke gefensu kafin na danna komai. Na zaɓi device-image, na nuna mata faifan waje a matsayin ma'ajiya, na zaɓi savedisk don ta ɗauki faifan daga farkonsa har ƙarshensa. Da yake C a kulle yake, ba ta iya bambance inda kaya suke da inda babu, sai ta kwashe shi duka, shi ya sa kwafin ya yi nauyi kuma ya ɗauki lokaci. Da ta gama ta tambaya ko ta duba cewa kwafin zai iya dawowa. Na ce ta duba.

Saura filas ɗin ceto. Windows na da kayan haɗa shi, ana samunsa da neman recovery drive a akwatin bincike. Na sa filas mai giga 32, na bar alamar da ke cewa a haɗa da fayilolin tsarin. Yana share duk abin da ke kan filas ɗin, kuma yana faɗa kafin ya fara. Ya ɗauki fiye da awa ɗaya.

Na aika wa ƙanena hoton foldojin, ina jin na gama. Amsarsa gajeriya ce: "Yaya, ka gwada?"

Ban gwada ba. Kuma da na zo gwadawar na gano ban ma san maɓallin da ke fito da jerin abin da kwamfutata za ta tashi da shi ba, domin lokacin Clonezilla ta cikin Windows na bi, da Shift da sake kunnawa. Ranar da Windows ya mutu, wannan hanya ta mutu tare da shi. Maɓallin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wasu F12, wasu F9, wasu Esc. Sai a kunnawa ta huɗu na dace da nawa, na rubuta shi a takardar nan ta lambobi 48. Filas ɗin ya tashi, ya tambayi irin kibod, na shiga zaɓin dawo da kwafin tsarin, na jona faifan waje, ya gano kwafin da ranarsa da lokacinsa. A nan na tsaya, na fita ba tare da na ce ya ci gaba ba. Da na dawo Windows na jona fayil ɗin VHDX ta Disk Management, ya bayyana kamar wani sabon faifai, na buɗe takardu biyar da bidiyo biyu daga wurare daban-daban, duk suka buɗe. A ganina wannan rabin awa ya fi duk sauran aikin daraja. Kafin shi, foldoji kawai nake da su masu manyan sunaye. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da sikirin ya yi baƙi ba ranar koyon F12 ba ce.

Sai a dare na biyu ƙanena ya ba ni umarnin. Amma kafin nan ya nuna min wata matsala da ke zaune a cikin zanen tun farko ban lura ba. Windows ba ya faɗaɗa ɓangare sai in sararin da babu kowa yana manne da shi ta dama. Tsakanin C da giga 14 ɗin da nake hari akwai ƙaramin ɓangaren ceto a tsaye. In na goge babban kaɗai, zan samu fili amma C ba zai kai gare shi ba, sai dai in mai da shi faifan D. Na so in yi hakan in huta, kuma ga wanda hotuna da takardu kawai ke cika masa wuri, shi ya fi sauƙi da aminci. Ni kuwa C ne ke shaƙewa duk lokacin sabuntawa. Dole ƙaramin ya tashi ya koma ƙarshen layi.

Na cire faifan waje da filas daga jikin kwamfutar, na ajiye su nesa da hannuna. Na dakatar da BitLocker na ɗan lokaci. Na buɗe baƙin allon umarni da ikon mai gudanarwa, na buga reagentc /info, ya nuna min ɓangaren ceton da Windows ke dogaro da shi. Na buga reagentc /disable. Wannan yana ɗauke Winre.wim daga ƙaramin ɓangaren ya mayar da shi foldar Recovery da ke cikin System32. Na je na tabbata yana can da dir /a, don ɓoyayyen fayil ne. Wanda ya tsallake wannan mataki ya goge ɓangaren, ya goge fayil ɗin tare da shi.

Sai diskpart, manhajar Windows ta sarrafa ɓangarorin faifai da rubutaccen umarni. List disk, faifai ɗaya ne tunda na cire sauran. Select disk 0. List partition. Biyar suka fito, ba huɗu ba. Na biyun ɗan mitsitsi ne mai mega 16 da Windows ke keɓe wa kansa, wanda Disk Management ba ya nunawa. Wannan ya isa ya koya wa mutum kada ya ƙirga ɓangarori a zane ya zo ya buga lambar a nan. Da girma na gane nawa. Select partition 5, detail partition don in ƙara tabbata, sannan delete partition override. Kalmar ƙarshen ita ce ke karya kariyar da ta hana ni gogewa da linzami. Diskpart ba ya tambayar ko ka tabbata. Na danna Enter, layi ɗaya ya fito cewa an goge. Ko daƙiƙa biyar ɗin da aka ce bai kai ba. Na sake buga list partition kafin na zaɓi na huɗu, na goge shi ma.

A Disk Management yanzu baƙin fili ne a manne da C. Na zaɓi faɗaɗawa, amma ban ba shi duka ba, na rage mega 1024 daga adadin da ya nuna. Da wannan ragowar na sake gina ƙaramin ɓangaren a ƙarshen faifai. Mutum na iya cewa me zai hana a bar Winre.wim a cikin C kawai. Ana yi, amma ba a faifan da BitLocker ya kulle ba, don kayan gyara ba sa zama a cikin ɗakin da su ne za su zo buɗewa. A diskpart na ƙirƙiri ɓangare da lambar da ke shaida wa Windows cewa na ceto ne, de94bba4-06d1-4d40-a16a-bfd50179d6ac, na sa masa gpt attributes=0x8000000000000001 don ya ɓuya kuma ya samu kariya, na yi masa fomatin na NTFS. Waɗannan na faifai mai tsarin GPT ne. Tsohon tsarin MBR lambarsa 27 ce kawai. Na yi kuskuren harafi ɗaya a doguwar lambar, ya ƙi karɓa, na sake bugawa a hankali ina bin ta da yatsa. Sannan reagentc /enable, sannan reagentc /info, ya nuna min yana aiki, a sabon mazauninsa.

Na mayar da BitLocker, na riƙe Shift na danna sake kunnawa. Sikirin ya yi duhu na ɗan lokacin da ya fi min tsawo fiye da yadda yake, takardar lambobi na hannuna. Shuɗin sikirin ya fito da zaɓuɓɓukansa. Na danna ci gaba, Windows ya tashi bai nemi komai ba. Layin C ya koma shuɗi, saura giga 17.

Na manna 'yar takarda a jikin faifan waje na rubuta ranar da na ɗauki kwafin, na haɗa shi da filas ɗin da takardar lambobi a aljihun tebur. Da na gaya wa ƙanena, bai taya ni murna ba. Cewa ya yi aljihun tebur ɗin da kwamfutar ɗaki ɗaya suke kwana, in ruwa ko wuta ko ɓarawo ya shigo, tare zai same su. Washegari na kwafi foldar takardu da ta hotuna a wani faifan dabam, ya zo ya tafi da shi.